Hutun ƙarshen mako a bakin ruwa: Legas, Argungu ko Yauri?

Idan abokai a Birnin Kebbi suka yi karo-karo don zuwa shan iska a bakin ruwa, Legas ce ke fara zuwa bakin kowa. Ni kam ba na ba da shawararta ga masu kwana biyu kacal. A mota yini guda ne cur zuwa, yini guda dawowa, kun ga Asabar kaɗai ta rage, ita ma da gajiya. Jirgin sama kuwa galibi sai an biyo ta Abuja, kuma kuɗin tikiti ya cinye na masauki. Wanda duk da haka ya nace sai teku, ya san cewa gaɓar shaƙatawa ta Tarkwa Bay sai da jirgin ruwa ake shiga, kuma tekun Legas na da igiya mai jan mutum ciki. In ta kama ka, kada ka yi kokawa da ita, ka yi iyo ta gefe har ka fita daga bakinta.

Argungu ce mafi sauƙi, tafiyar kamar awa ɗaya. Ga Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali tun 1934, ga gidan tarihi na Kanta. Wurin zama ne a shimfiɗa tabarma a ci gasasshen kifi, amma ba wurin wanka ba ne, kuma ba a jefa koma a nan sai da izinin Sarkin Ruwa. Ga 'yan Gusau ma nan ne ya fi dacewa, ta Talata Mafara da Sakkwato, da sharaɗin tafiyar rana tsaka.

In kuwa faɗin ruwa da yashi kuke so, Yauri za ku nufa, ta Jega da Koko, awa uku zuwa huɗu gwargwadon halin hanya. A nan kogin Kwara ke buɗewa ya shiga tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968. Abin da yawancin baƙi ba su sani ba shi ne ruwan nan sau biyu yake cika a shekara. Akwai cikar damina daga Agusta zuwa Oktoba, sannan wani ruwan da ya taso tun daga Gini ya iso wajajen Disamba zuwa Fabrairu. Saboda haka a lokacin sanyi, da jiki ya fi jin daɗin zama a waje, gaɓar cike take kuma hazo kan rufe tsallake. Yashi yana fitowa sosai ne idan ruwa ya fara ja daga Maris, amma a lokacin zafi na haura digiri 40. Ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris ya fi daidaita tsakanin biyun. Ku isa gaɓa da sassafe, ku koma inuwa kafin azahar, ku dawo bayan la'asar.

Maganar jirgin ruwa ce ba na so a yi wasa da ita. Hatsarin da ya faru kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ya ci rayuka masu yawa, kuma dalilan irin wannan sanannu ne: lodi fiye da kima, tsohon katako, da kututturan itatuwan da tafkin ya shanye, waɗanda ke matsowa sama idan ruwa ya ragu. Ku ɗauki shatar jirgi naku, kada ku shiga na ranar kasuwa. Ku duba cikinsa, in ana ta kwarfar ruwa tun yana gaɓa, ku nemi wani. Kowa ya sa rigar kariya ya ɗaure ta, har gwanin iyo. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare a ruwa, don haka ku yi ciniki da direba cewa ƙarfe biyar kuna kan tudu. Akwai dorina a wannan yanki, kuma masunta sun san inda take kwanciya, sai a tambaye su kafin a zaɓi gungun da za a sauka.

Wanka ma da lura. Ruwa mai kwanciya da ciyayi a gefe shi ne gidan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Ƙwayar ta fata take shiga, sai bayan makonni a ga jini a fitsari. Wanda ya ga haka ya je asibiti, akwai magani.

Sauran shiri kaɗan ne. Ku naɗa ma'aji ɗaya, ya ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin don ko-ta-kwana, kuma ya riƙe tsaba, don sabis kan ɗauke a kan ruwa. Ruwan sha aƙalla lita uku ga kowa a yini, da kula mai ƙanƙara, da gidan sauro. Ku tashi Juma'a bayan an sauko daga masallaci don ku isa kafin magariba, kuma ku kira wani ɗan gari a ranar ku ji labarin tsaron hanya, don na makon jiya ba ya aiki yau.