Wankin hoto da ruwan garuwa: inda na kai wannan mako

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Cikin hotunan hawan sallah da na ɗauka bara a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, uku sun fara jirwayen rawaya a gefe. Abin ya sosa mini rai, don har da na wani dokin da na fi so, an yi masa ado da jan lifidi.

Ɗauraya ce ba ta isa ba. Takardar barita, wato takardar hoto marar rufin roba, tana shan fiksa, ruwan maganin da ke tabbatar da hoto a kan takarda, kamar auduga, kuma gishirin da ke cikinsa, wanda ake kira haipo, in ya saura sai ya riƙa cin azurfar hoton a hankali. Da ruwa zalla, sai takardar ta yi kusan awa guda ƙarƙashin famfo. Wa ke da wannan ruwan a Zinder? Mu da ke jiran mai garuwa tun asuba?

Shi ya sa na koma ga maganin taya ɗauraya. Asalinsa sulfit na sodiyam ne, giram 20 a lita guda, shi ke sakin haipon daga zaren takardar. Tsarin kamfanin Ilford na bi: minti 1 a fiksa mai ƙarfi, minti 5 a ruwa, minti 10 a maganin ana ɗan girgiza tire, sannan minti 5 a ruwa. Minti ɗayan nan na farko ku kiyaye shi, in ya zarce takardar ta sha da yawa. Tun da babu ruwa mai gudu, ɗaurayar ƙarshe a tire nake yi, ina zubarwa ina sakewa har sau shida.

Ruwan bidon da ya yini a rana kuwa kada ku kusance shi. Na ga ya tausasa fuskar hoto har farce na barin shaida. Na randa nake ɗiba, shi ya fi kusa da digiri 20 da ake so. Maganin ma ba ya kwana a buɗaɗɗen tire, iska na kashe shi.

Mai aiki da takarda mai rufin roba ba ya bukatar wannan duka, minti biyu a ruwa ya wadatar.

Jiya na ɗiga ruwan gwaji na nitrat ɗin azurfa, mai yin tabo in haipo ya saura, a farin gefen takarda, na jira minti biyu, tabon da kyar ake ganinsa. Ranar Asabar zan sake buga hoton dokin.