Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tafiyarmu Kano da Abba

A makon jiya na tsaya inda maigidana Malam ya sayar da tunkiyata don mu samu kuɗin mota da na asibiti. Inna, mahaifiyarsa, ta bari mun tafi ne kawai, zuciyarta ba ta yarda ba.

Lokacin ɗanmu Abba ya shiga shekara ta huɗu bai taɓa cewa "Umma" ba. A ƙauyenmu, can bayan Bichi, kurma ake ce masa. To wane irin kurma ne ke toshe kunne yana kururuwa da zarar an tayar da injin niƙa? Ka kira shi ba ya waiwayowa, ba ya haɗa ido da kowa, sai ya wuni a gindin rumbu yana jera murafen kwalba. In wani ya ture ɗaya, ranar ba mai sakat a gidan. An yi rubutu, an yi hayaƙi, wata maƙwabciya har ta raɗa mini wai ɗan ruwa ne. Ita kuwa Inna rigakafi ta ɗora wa laifi. Tun 2003 da gwamnatin Kano ta dakatar da ɗigon shan inna ta ƙulle abin a ranta, ko da aka ci gaba da yi a 2004 ita ba ta sauko ba.

A Asibitin Malam Aminu Kano aka fara duba kunnensa, aka ce yana ji sarai. Daga nan muka ga likitar yara. Na zaci jini za a ɗiba, sai ta zauna tana kallon yadda yake wasa tana yi mini tambayoyi: yana nuna abu da yatsa? Yana kawo mini abu don in gani? Duk a'a.

Ta ce, "Maman Abba, larurar galahanga ce, wadda ake kira otizim. Ƙwaƙwalwarsa ce ta ginu daban, gado kuma yana da hannu sosai a ciki. Ba wani abu kika yi ba."

Malam ya gyara zama ya ce, "Likita, ba rigakafi ba ne?"

Ta ce an yi bincike a ƙasashe da yawa, ba a samu alaƙa ba. Ta ƙara da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma ta fi yawa a maza. Nan na tuna wani yaro a garin iyayena da ake ɗaurewa a turke tun ina ƙarama. Allah kaɗai ya san abin da ke damunsa.

Abin da ya fi yi wa Malam nauyi shi ne jin babu ƙwayar da ke warkar da ita. Mutum ya sayar da dabba, ya so ya koma gida da magani a leda. Koyarwa aka ba mu a madadinsa: gajeriyar magana, in nuna masa kofi in ce "ruwa", ci da wanka da barci kullum a lokaci ɗaya, ba duka, ba ɗauri. Ta ce in muka ga jijjiga mu dawo da sauri, don wasunsu kan haɗa da farfaɗiya. Ta ja kunnenmu ƙwarai a kan ruwa, domin irin su Abba kan sulale su fita, ga mu da rijiya a tsakar gida da kududdufi a bayan gari in damina ta sauka.

Washegari Malam ya sa kafinta ya yi wa rijiyar murfi da kwaɗo. Inna ta saurari bayanin duka, ta ce, "To, Allah ya sawwaƙe," ta shige ɗaki. Bayan la'asar sai ga yayan Malam da tasa shawarar: a haɗa Abba da wani malami mai tafiya gabas da almajirai, wai can bakinsa zai buɗe. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.