Ga masu tambayata yadda muke kiɗa tare ta intanet

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da fatan kowa yana lafiya. Mu ma nan Jamus alhamdu lillahi, sai dai sanyi.

Tun da na saki bidiyon da muke kiɗa mu huɗu, kowa a garinsa, tambaya ɗaya ake ta aiko mini: yaya ake yi, kuma za mu iya yi da kai daga gida? Bari in amsa gaba ɗaya, in kuma taɓo kayan kiɗanmu na cikin kwamfuta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jinkirin sauti. A hira, ko maganarka ta makara kaɗan babu wanda zai damu. A kiɗa kuwa, da zarar jinkirin ya haura milisakan 30, wato kashi 30 cikin 1,000 na daƙiƙa, mai ganga zai fara jiran mai jita, shi ma yana jiransa, kiɗan ya yi ta ja da baya har ya watse. Sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa cikin iska, ka ga ke nan jinkirin milisakan 30 kamar ku tsaya da tazarar mita 10 ne. Wannan kunne yana jurewa. Watanni na yi ina zargin hannuna kafin na gane haka.

Hasken da ke ɗaukar saƙo a cikin wayar intanet kuma kilomita 200,000 yake yi a daƙiƙa, kowace kilomita 1,000 tana cin milisakan 5, tun ba a lissafa na'urorin hanya ba. Tsakanina da ku ya fi kilomita 4,000, wayoyin kuma ta ƙarƙashin teku suke zagayawa. Tsakani da Allah, kiɗa mai sauri ba zai zauna tsakaninmu ba, kuma abin yana yi mini ciwo, don ku na fi so in yi da su.

Amma ku a junanku zai yiwu. Mu Jamulus muke amfani da ita, manhajar kyauta da Volker Fischer ya fara a 2006. Kowa yana jona kwamfutarsa da kebul ɗin intanet maimakon Wi-Fi, mu zaɓi saba (kwamfutar da ke haɗa sautinmu) mafi kusa, kuma babu mai sa abin kunne na Bluetooth, don shi kaɗai yana iya ƙara fiye da milisakan 100. Zoom don magana aka gina ta, takan ɗauki kiɗa a matsayin hayaniya ta danne shi.

Batun kayan kiɗa, fiyanon da kuka ji manhaja ce, kibod ɗina umarni kawai yake aika mata ta MIDI, tsarin aika umarni tsakanin kayan kiɗa da kwamfuta da ya fito a 1983. Sauran bayanin sai wani jiƙon.

Ni da ku kuwa, akwai wata manhajar mai suna NINJAM. Ita da gangan take jinkirta sautin kowa da zagaye guda na kiɗan, ka bi abin da ɗan uwanka ya buga a zagayen da ya wuce. Wanda ya shirya ya sanar da ni mu gwada ranar Asabar.