Shuwakar da na dasa saboda sugan Hajiya

Damina guda cur wani mai sayar da dashen itatuwa a bakin titi ya cinye mini, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Hajiyarmu ta daɗe da ciwon suga. Tana shan metformin, amma kamar yawancin tsofaffi ta fi yarda da abu mai ɗaci a kan ƙwayar asibiti. Shuwakar kasuwa ba ta yi mata, don an riga an murje ta an wanke saboda masu miya, ɗacin duk ya bi ruwa. Shi ya sa na ce bari in dasa a bayan ɗaki.

Shuwaka dai reshenta ake yanka a soka a ƙasa, ba a cika wahala da iri ba. Mutumin ya miƙo mini damin sanduna, ko ganye ɗaya babu. "Hajiya, ki dasa kawai, daga gidana na yanko." Suka kama gwanin sha'awa, akuya ma ko kallonsu ba ta yi, ni kuwa ina ta murna. Da ganyen ya buɗe sai ga shi da faɗi da kusurwoyi kamar tafin hannu. Maƙwabciyata ta tsinki ɗaya, ruwa mai danƙo ya tsatso, ta ce, "Maman yara, wannan ai bini da zugu ne." Wanda ake shinge da shi, wanda in yara suka ci 'ya'yansa sai amai da gudawa har a kai ga asibiti. Shi nake wa ban ruwa ina jiran ranar da zan tafasa wa tsohuwa!

Shuwakar gaske ba ta da wuyar ganewa in da ganye a jikinta. Dogo ne mai tsini, bakinsa da 'yan ƙananan haƙora, reshen kuma ba ya fitar da danƙo. Da rani takan yi ƙananan furanni farare a dunƙule. Babbar shaida ita ce harshe: ɗacin har maƙogwaro, in kin kora da ruwa sai ki ji zaƙi-zaƙi ya biyo baya. Sanda tsirara ba ta nuna ganye ko fure, mai sayar da dashen ma ya san da haka.

Da damina ta zagayo na yanko da hannuna a gidan maƙwabciyar, reshen da ya ƙosa, tsawon kamu guda, mai ido uku ko huɗu. A karkace ake soka shi, idon na kallon sama, kafin sati biyu ya toho. Gara ce kawai ta dame ni, na riƙa barbaɗa toka a gindi. Da hunturu in ba ban ruwa ganyen ƙanƙancewa yake yi. A riƙa datse kanta kuma, in ba haka ba ta wuce mita 2 ta zama duk itace. Kututturen bini da zugun kuwa sai da na sa aka tone shi da saiwa, saboda jikoki.

Kafin Hajiya ta fara sha na tambayi likitanta. Ya ce yawancin binciken da ya nuna shuwaka na rage suga a kan ɓeraye aka yi shi, don haka kada a kuskura a ajiye ƙwaya. Ya ƙara da cewa masu shan glibenclamide, wata ƙwayar suga, ko allurar insulin su suka fi shiga haɗari, suga kan iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar gwaji, sai gumi da rawar jiki. Muna gwadawa da safe kafin karin kumallo ina rubutawa a littafi. Abin da na gani, lambar ta fi bin yawan tuwon daren jiya a kan kofin shuwaka. Na nuna wa Hajiya, ta ce na'urar ce ba ta da kyau.