Laraba: Zaman Raba Kuɗin Asibitin Mazaɓa

Yau da ƙarfe goma kwamitin raya mazaɓa ya zauna da shugabar asibitinmu, aka tsara yadda za a kashe kuɗin wata uku masu zuwa. Kuɗin daga BHCPF suke, wato asusun samar da kiwon lafiya na tushe, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta ware rabi ga inshorar lafiya, kashi 45 ga kiwon lafiya matakin farko, kashi 5 ga taimakon gaggawa. Kafin a rarraba su iso asibitin mazaɓa, ba su taka kara sun karya ba, kuma ba sa fita sai shugabar asibiti da shugaban kwamiti sun sa hannu tare.

Wasu dattawa sun so a fara da fenti da gyaran katanga. Ban goyi baya ba, domin ɗakin haihuwa ya fi gaggawa. Allurar oksitosin, wadda ake yi wa mace da zarar jariri ya fito don tare zubar jini, tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. In ta yi watanni a durowa cikin zafin bazara, ƙarfinta raguwa yake, alhali kwalbar ba ta nuna komai. Ungozoma za ta yi allura, jini kuwa bai tsaya ba. An amince a ajiye ta a firjin riga-kafi, cikin mazubi daban mai rubutu, kada a rikita ta da allurar yara. Misofirostol, ƙwayar da ita ma ake bayarwa don tare zubar jini bayan haihuwa, ba ya bukatar firji, amma laima na ɓata shi, don haka ba a ɓare ƙwayar sai lokacin sha. Sai magneziyam salfet, allurar jijjigar masu ciki: giram 14 ne zubin farko, 4 ta jijiya, 5 a kowane ɗuwawu, sannan a tura mace babban asibiti. Shugabar ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan in babu shi, mace a hanya take cikawa." Nan gardama ta ƙare.

An ware wani abu na alawus ɗin ungozomar dare da man janareta. Fenti sai wani zagayen.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne rasit. In ba a miƙa bayanin kuɗin da aka kashe ba, na gaba makalewa suke. Akwai rasit biyu na magani da ba hatimi, gobe sakatare zai koma wurin mai kemis ɗin a buga.