Ido ke ciwo, aka ce a ɗauki hoton ƙirji

Wata uku ke nan fatar idon Yaya tana saukowa da yamma, da safe kuma garau. A gida an ce gajiya ce, Inna ta ce iska. Da muka je asibiti sai likita ya ce a ɗauki hoton ƙirjinta. Wallahi har na ji haushi, me ya haɗa ido da ƙirji?

Ashe a bayan ƙashin ƙirji akwai wata 'yar halitta, taimus. A can ƙwayoyin T na garkuwar jiki suke koyon bambance jiki da baƙo. Makaranta ce mai tsanani: sama da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin a can suke mutuwa, wasu don ba su da amfani, wasu don za su far wa mai jikin. Idan tantancewar ta samu matsala, garkuwa kan juya ta tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka. Ciwon Yaya ke nan, mayasteniya, shi ya sa aka ɗauki hoton ƙirjin don a duba taimus ɗin.

Abin da ya fi ba ni mamaki, sai a 1961 wani masanin kimiyya, Jacques Miller, ya gano aikin taimus, bayan ya cire ta daga jariran ɓeraye ya ga garkuwarsu ta rushe. Kafin nan an ɗauka ba ta da wani amfani, tunda tana motsewa bayan balaga, kitse ya maye gurbinta.

Yaya dai ta fara magani, ana shawarar tiyatar cire taimus ɗin. Jiya har ta yi karatu bayan isha'i. A sa ta a addu'a.