Nara: shinkafa a cikin ganyen kaki

Asabar, tsakiyar Nuwamba

Tun farkon zuwana Osaka ta ƙasar Japan dattijon da ke kula da mu a wurin kwas, wanda muke kira Sensei, wato malam, yake cewa kada in kuskura in koma gida ban ga Nara ba. Yau da kansa ya raka ni. Mun haɗu a tashar Namba da sanyin safiya, muka hau jirgin ƙasa na Kintetsu, tafiyar kamar minti 40. Bayan mun ratsa ramin dutsen Ikoma, dab da isa gari, sai jirgin ya bi ta tsakiyar wani makeken fili mai ciyawa, ga wata jar ƙofa ita kaɗai a tsaye. Sensei ya taɓa ni ya ce in duba da kyau, nan ne fadar sarkin Japan ta kasance daga 710 zuwa 784. Ƙofar ma sake gina ta aka yi a zamanin nan. Da fadar ta bar wurin gari guda ya tashi, gonakin shinkafa suka rufe wurin shekaru aru-aru.

Daga tasha muka taka zuwa lambun Nara. Bareyi ne ko'ina, sun haura 1,000, ba shinge ba makiyayi, suna tsallaka titi motoci na tsaya musu. Mutanen garin tun da can suna ɗaukar su a matsayin 'yan aiken abin bautarsu na Kasuga, shi ya sa ba mai taɓa su. Ana sayar da wani biskit na dusar shinkafa da garin alkama don su kaɗai. Na saya, kafin in ankara sun kewaye ni, wata tana sunkuyar da kai tana ɗagowa, wata tana jan gefen rigata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gargaɗin da Sensei ya yi mini kan leda. Ya ce an sha tarar da leda cunkushe a cikin waɗanda suka mutu, don haka duk sharar da mutum ya yi, a jakarsa zai koma da ita gida. Na duba lambun nan da faɗinsa, ban ga ko takardar alawa a ƙasa ba.

Todai-ji kuwa, babban wurin ibadar mabiya Buddha da ke cikin lambun, sai wanda ya gani. Ginin katako ne, faɗinsa mita 57, kuma an ce wanda ya gabace shi ya fi shi faɗi sosai. Gobarar yaƙi ta cinye shi a 1180, ta sake cinyewa a 1567, na yanzu a 1709 aka kammala. A ciki akwai mutum-mutumin Buddha na tagulla, yana zaune, tsayinsa kusan mita 15. Sarki Shomu ne ya ba da umarnin a ƙera shi a 743, 'yan shekaru bayan annobar agana ta yi wa ƙasar mummunar ɓarna, aka yi bikin buɗe shi a 752. Masu ibada suna haɗa tafin hannu suna sunkuyawa, ni kuma na ja gefe don kada in tare musu hanya. Idona ya fi tafiya kan ginshiƙan da yadda aka sarƙa katako cikin katako har can sama. Na daɗe ina tunanin maƙera da masassaƙan da suka yi wannan aiki ba inji ba lantarki, da talakawan da aka karɓi ƙarfinsu da dukiyarsu don a yi shi.

Amma in an tambaye ni abin da na samu a yau, abincin rana zan fara faɗa.

Sensei ya kai ni wani ɗan shago a cikin tsohuwar unguwar Naramachi, mai kujeru kaɗan. Wata tsohuwa ce da 'yarta suke riƙe da shi. Abin da suka shahara da shi kakinoha-zushi ne: dunƙulen shinkafa mai ɗan tsami, a ɗora masa yankan kifi mai gishiri, a naɗe da ganyen kaki, a jera a akwatin katako, a danne da nauyi ya kwana. Kaki itaciya ce dangin kanyarmu, sai dai 'ya'yanta sun kai girman tumatir, kuma yanzu ne lokacinsu, duk inda ka waiwaya ga su jajaye a kan rassa ganye ya zube. Kifin kuma saba ne, irin wanda masu kifin ƙanƙara suke ce wa taitus.

Kafin a kawo na ce, "Sensei, don Allah a tambayar mini ko akwai giya a cikin shinkafar." Wannan tambaya ta zama abokiyar tafiyata a ƙasar nan, domin sake da mirin, duk giyar shinkafa, suna shiga girki da yawa, har wanda ba za ka taɓa zato ba. Tsohuwar ba ta ba da amsa da ka ba. Ta shiga madafa ta fito da kwalbar ruwan tsamin da take amfani da shi, ta sa tabarau, ta karanta wa Sensei abin da ke jikinta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce nata ruwan tsami ne da sukari da gishiri, amma wasu shagunan suna ƙara mirin, don haka in riƙa tambaya duk inda na je. Sannan ta janye wani ɗan faranti da 'yarta ta riga ta ajiye a gabana. Narazuke ne, kayan lambu da ake jiƙawa a dusar giya har su yi duhu, abin alfaharin garin. Ta ce wannan bai dace da ni ba, ta musanya mini da kabeji mai gishiri. Wallahi abin ya taɓa ni. Ba ta san addinina ba sai yau, amma ta ɗauki tambayata da nauyin da nake ɗaukar ta.

Ba a cin ganyen, warware shi ake yi. Da na kai loma ta farko sai na ji gishirin kifin ya ratsa shinkafar, ƙarni ya tafi, ga wani ƙamshi sassauƙa na ganye. Babu yaji, babu mai. Harshen da ya saba da barkono zai fara cewa da saura, amma in ka tauna a hankali sai ɗanɗanon ya yi ta fitowa. Sensei ya ce dalilin abincin nan shi ne Nara ba ta da teku. Daga gaɓar Kumano ake ɗauko saba a bi da shi ta duwatsu, dole a cika masa gishiri don kada ya lalace a hanya. In ya iso ƙauyukan Yoshino gishirin ya yi yawa, sai a yanka shi siri-siri a haɗa da shinkafa, ganyen kaki kuma ya hana shi bushewa da saurin lalacewa. Da shi ake bukukuwa a da. Aka haɗa mana da chagayu, kunun shinkafa da aka dafa da gasasshen shayi, ruwa-ruwa, mai ɗumama ciki.

Na yi azahar a wani lungu na lambun bayan itatuwa, Sensei yana zaune nesa kaɗan riƙe da jakata. A nan alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa. Daga nan muka hau matakalar Nigatsu-do, wani ɗakin ibada a gefen tudu, inda ake hango rufin Todai-ji da garin gaba ɗaya har zuwa Ikoma.

A hanyar komawa tasha muka tarar da cincirindo a gaban wani shagon mochi. Ana dakan shinkafa mai danƙo a turmi, ɗaya yana sauke guduma ta katako, ɗaya yana cusa hannu yana juya ƙullin tsakanin bugu da bugu, da saurin da ya sa na riƙe numfashi. Ƙullin kore ne saboda ganyen yomogi, a ciki jan wake mai zaƙi, a waje garin soyayyen waken suya. Da ɗuminsa aka miƙo mini.

Da na iso masauki bayan isha na kira Inna, lokacin rana ta take a gida, tazarar awa 8 ke tsakaninmu. Ta ce, "To, me suka ba ka yau?" Na ce shinkafa da kifi a cikin ganye. Ta tambaya ko an dafa kifin, na ce gishiri da tsami ne suka dafa shi. Ta yi shiru, sannan ta ce in dai halal ne kuma cikina lafiya, Allah Ya amfana, kuma in gaishe mata da tsohuwar nan in na koma. Na sayo ƙaramin akwati guda na kakinoha-zushi, tsohuwar ta ce kada in sa shi a firji shinkafar za ta yi tauri, in ajiye a wuri mai sanyi in cinye gobe.